Ihu ɗaya suke shiga taitayinsu, wai shi ne shugabanci?

Wata magana na ji kwanan nan da ta tsaya mini a rai. Wani bawan Allah ne, babba a wurin aikinsa, an san shi da iya tafiyar da mutane. Ba ya tsawa a mitin, in ƙaramin ma'aikaci ya yi kuskure gefe yake kiransa su yi magana su biyu, har kwas na shugabanci ya je ya dawo da satifiket ya rataye a ofis. Ana cikin hira sai zancen yara ya taso, sai ya ce yana dariya wai shi a gida ba ya ɓata lokaci, da ya sako ƙafa ko'ina sai ya yi tsit, ihu ɗaya yake yi kowa ya shiga taitayinsa. Aka yi ta jinjina masa ana cewa ai haka ake son uba.

Ni kam abin ɗaure mini kai ya yi. Mutumin nan ya san sarai in ya yi wa ma'aikacinsa irin wannan ihun aikin ne zai lalace, za a fara ɓoye masa kuskure, masu ƙwazo su nemi wani wuri su bar shi da masu "to ranka ya daɗe". Ya sani fa. Amma da aka zo kan yaro ɗan shekara shida, wanda ba shi da inda za shi, ba shi da takardar ajiye aiki da zai rubuta, sai ihun ya koma dabara har da tinƙaho.

Ga matsayina tun yanzu. Renon yaro shugabanci ne, kuma ban san wanda ya fi shi wuya ba, domin wanda kake jagoranta ba zai iya barinka ba, kuma dare da rana kwaikwayonka yake yi. Sannan mutum na farko da za ka fara mulka a gidan nan kai ne da kanka. Wanda ya kasa riƙe fushinsa, tsoro kawai yake mulki da shi, tsoro kuwa yana da ranar ƙarewa.

Laifi ɗaya, hukunci biyu

Abin da ake kira tarbiyya cikin hayyaci, wanda wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Shefali Tsabary ta ƙara yaɗa shi da littafinta na 2010, ba wani dogon turanci ba ne. Kafin ka ɗaga murya ko hannu, ka san me ya taso maka. Shi ke nan asalin maganar.

Yaro ya zubar da ruwa a kan takardunka. Ran da ka yi barci ka ƙoshi, aljihu da nauyi, sai ka ce "kai wannan yaro", ka miƙa masa tsumma ya goge. Ran da maigidanka ya wanke ka tas a gaban mutane, ka dawo ga bashi ga ciwon kai, wannan zubar da ruwan dai ita ce za ta jawo mari har da tuno masa laifin makon jiya. Ruwan ɗaya ne, yaron ɗaya ne. To me hukuncin ya auna, laifinsa ko yanayinka?

Shi yaron me ya koya a nan? Bai koyi kula da kofi ba. Ya koyi karanta fuskarka tun daga bakin ƙofa, ya gane yau ranar ɓuya ce ko ranar wasa.

Haka in ya yi kuka ko rashin ji a gaban baƙi. Sau da yawa abin da ya harzuƙa ka kunya ce, "me za a ce da ni", ba tarbiyyarsa ba. Haka uwar da ke kwana a kan sakamakon jarrabawar 'yarta saboda ita aka cire ta daga karatu ba ta so ba, ko uban da ya rantse sai ɗansa ya zama likita don shi bai samu ba. Duk waɗannan kayanmu ne, mun ɗora wa wanda bai san lokacin da aka ɗaure su ba. Inda girman mutum yake fitowa a harkar nan shi ne ya iya rarrabe nasa da na yaron.

Akwai kuma dalili na halitta. Ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki ya sa shi tunanin abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ɗan shekara uku da ke birgima a ƙasa don an hana shi wani abu, ba makirci yake ƙulla maka ba, birkin ne bai gama haɗuwa ba. A wurinka zai ari natsuwa har tasa ta tsaya da ƙafarta. In kai ma ka hau ihu, yara biyu ke nan a ɗakin, ɗaya dai ya fi ƙarfi.

Kwaikwayo kuwa tun 1961 wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, ya gwada shi a jami'ar Stanford da ke Amurka. Aka sa yara suka kalli babba yana jibgar wata 'yar tsana ta roba, da aka bar su da ita sai suka hau jibgarta, wasu har da irin kalmomin da suka ji. Waɗanda ba su ga dukan ba ba su yi haka sosai ba. Don haka in ka mari babban yaro kana ce masa "ban hana ka dukan ƙaninka ba?", darasi biyu ka ba shi a lokaci guda, kuma na hannun ne zai riƙe.

"Mu ma an dake mu, ga mu nan lafiya lau"

Wannan ita ce amsar da ta fi saurin fitowa, kuma na san abin da ke ƙarƙashinta. Mutum yana jin kamar ana so ya ce iyayensa sun zalunce shi. Ba haka ba ne. Yawancin iyaye da abin da suka sani suka yi reno, cikin wahalar da mu ba mu ɗanɗana ba, kuma soyayyarsu da addu'arsu ce ta ɗauke mu. Amma ka tabbata dukan ne ya gyara ka? Ko kuwa kulawar da ta kewaye shi ce ta hana shi yi maka illa sosai?

Sannan "lafiya lau" ɗin nan a duba shi da kyau. Mutum nawa ne da furfurarsu har yau ba sa iya zama da mahaifinsu su faɗa masa damuwarsu? Nawa ne suka ƙware a ƙarya tun suna firamare saboda gaskiya bulala take jawowa? Nawa ne in matarsu ko mijinsu ya yi musu gyara kaɗan sai su ji kamar an tsire su? Kuma waɗanda abin ya karya gaba ɗaya ba sa zuwa wurin hira su ba da shaida, waɗanda suka tsira ne kaɗai ke magana.

A 2016 wasu masu bincike biyu, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara binciken shekaru kusan 50 da ya shafi yara sama da 160,000. Abin da suka samu shi ne yawan dukan yaro yana tafiya tare da ƙarin taurin kai da faɗa da damuwar zuciya, ba su kuma ga alamar yana gyara hali a dogon lokaci ba. Wani zai ce ai wataƙila yara masu taurin kai ne dama aka fi duka, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya, masana ma sun yi ta jayayya a kai. To amma a ce abu ya shekara hamsin ana dubawa an kasa nuna amfaninsa, ya isa mai hankali ya dakata ya sake tunani.

Duka yana aiki nan take, wannan ba na musu. Shi ya sa muke son sa. Sai dai abin da ke tsayar da yaro a yau don yana ganinka, ba lallai ya tsayar da shi ran da ba ka nan ba, kuma ranakun da ba ka nan sun fi yawa.

"Wannan ai sangarta yara ne"

A nan masu suka suna da gaskiya rabi, kuma ba zan ɓoye ba. An ce ka so naka duniya ta ƙi shi. Akwai iyayen da suka ji an ce a daina duka sai suka daina komai, yaro ya zagi babba a ce "yana bayyana ra'ayinsa ne", ɗan shekara huɗu a tsaya ana ciniki da shi a kan ko zai riƙe hannu a tsallaka titi. Wannan gudun nauyi ne kawai aka yi masa kwalliya. Shugaban da ba ya iya cewa a'a don kar a ji haushinsa, shi ma kansa yake yi wa hidima.

Diana Baumrind, wata masaniya a jami'ar Kalifoniya, tun shekarun 1960 ta raba salon iyaye gida uku: masu tsanani ba tausasawa, masu tausasawa ba doka, da masu haɗa doka da tausasawa. Daga baya a 1983 aka ƙara na huɗu, waɗanda ba doka ba kulawa. Binciken da ya biyo baya ya fi nuna 'ya'yan masu haɗa biyun nan sun fi samun natsuwa da riƙe kai da ƙoƙari a makaranta.

A ɗauki maganar waya, tunda ita ce yaƙin kowane gida yanzu. An ce ƙarfe takwas a ajiye. Takwas ta yi, yaro ya ce saura kaɗan. Uba na farko ya fizge wayar ya haɗa da zagi. Na biyu ya ce to minti goma, goma ta zama awa, gobe ma haka. Na uku ya ce "na san kana jin daɗin wasan, kuma ba daɗi a katse mutum, amma takwas muka yi da kai, kawo." Yaron ya yi kuka, ya ce ba a son sa, uban bai zage shi ba bai kuma mayar masa da wayar ba. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Wanne ya fi wuya a cikin ukun? Na ukun mana, nesa ba kusa ba. Ihu minti ɗaya ne, sakaci ma ba ya cin komai a lokacin. Amma ka tsaya a kan magana ɗaya kullum, kana jin kukan ɗanka ba ka fashe ba ba ka kuma narke ba, sannan kai ma ka ajiye taka wayar in ana magana da kai don kar dokar ta zama ta talakawa kaɗai, wannan sai wanda ya yi aiki a kan kansa.

"Na Turawa ne, ba namu ba"

Su Turawan ma ai da bulala suka tashi. Suwidin ce ƙasa ta farko da ta haramta dukan yara har a gida, kuma a 1979 ne, jiya-jiyan nan. A Ingila sai a 1987 aka daina bulala a makarantun gwamnati. Duka ba gadon wata al'umma ɗaya ba ne da za a ce ana kare shi, ko'ina an yi, wasu sun duba sun rage.

Ga Musulmi kuwa maganar ma ba baƙuwa ba ce. Hadisin nan da ya ce dukkanku makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, a jere ɗaya ya ambaci shugaban jama'a da magidanci da matar gida. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Ban kawo wannan don in yi wa'azi ba, ba fagena ba ne, na kawo ne don a daina cewa tausasa wa yaro daga jirgi aka sauke shi.

"In na ba shi haƙuri ai ya raina ni"

Nan ne maza da yawa ke tirjewa, har da mata ma. Wai babba ba ya laifi a gaban yaro.

To yaron ba makaho ba ne. Ya san ka zarge shi da ɗaukar kuɗin da daga baya ka tsinta a aljihun ɗaya rigar. Ya ga lokacin da ka tsinta. In ka share ka wuce kamar ba a yi ba, abin da ka koya masa shi ne mai ƙarfi ba ya amsa laifi, kuma wata rana shi ma zai yi ƙarfi. A wurin aiki ma duk mun san irin shugaban nan da bai taɓa kuskure ba, kullum wani ne ya jawo. Ana gaishe shi da ladabi, amma ba wanda ke ganin girmansa in ya juya baya.

Wani masanin halayyar yara, Edward Tronick, ya yi wani gwaji da ya shahara a shekarun 1970. Uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta ɗaure fuska ta yi shiru na ɗan lokaci. Jaririn sai ya yi ta ƙoƙarin dawo da ita, murmushi, miƙa hannu, daga nan ya rikice ya fashe da kuka. Da ta saki fuska ta dawo masa, a hankali sai ya huce su ci gaba. Abin da Tronick ya yi ta nanatawa daga baya shi ne saɓani tsakanin uwa da ɗa abu ne na kullum ko a gidan da ya fi kowanne zaman lafiya, abin da ke gina yaro shi ne gyaran da ke biyo baya. Tun kafin shi ma likitan yara na Ingila Donald Winnicott ya ce yaro ba ya buƙatar uwa marar aibi, wadda ta yi daidai gwargwado ta wadatar.

Ban haƙurin kuma ba ya soke doka. "Zo nan. Ihun da na yi maka ɗazu bai kamata ba, raina ne a ɓace tun daga waje, ka yi haƙuri. Amma dukan ƙanwarka da ka yi maganar tana nan, ba a yi, je ka ba ta haƙuri kai ma." Ina rainin a nan? Ya ga yadda ake yi ne da idonsa, minti ɗaya kafin a nemi ya yi.

Amfanin wannan ba ya fitowa sai can gaba. Yaro ya kai sha biyar, ya fi ka tsawo, ihu ya daina ratsa shi. Ko yarinya ta faɗa hannun wani a intanet yana yi mata barazana da hotunanta, abin da ke faruwa da yara a ƙasashe da yawa yanzu. Tana zaune tana lissafi, in na faɗa a gida, taimako zan fara samu ko duka? Masu irin wannan ta'asa da shirun yaro suke cin kasuwa, kuma gidan da kowa ke tsit in uba ya shigo ya riga ya koya mata shirun.

"Kai da kake da hutu kake wannan magana"

Wannan ce sukar da ta fi nauyi a wurina. Uwar da ke riƙe da yara ita kaɗai, ta fita tun duhu ta dawo a gajiye, ko uban da ke haɗa aiki biyu kuma kuɗin ba sa kai ƙarshen wata, ka zo ka ce musu su zauna su "binciki zuciyarsu" kafin su yi magana? Gajiya da rashi suna cinye haƙuri, wannan ba rashin tarbiyya ba ne, jiki ne da jini.

Kuma gaskiya harkar ta zama kasuwa. Bidiyo a Instagram da TikTok, uwa cikin kwalliya a ɗaki tsaf tana magana da yaro ɗaya tilo da murya kamar ta mai karanta labarai, a ƙarshe a ce ki biya ki shiga kwas. Mace ta kalla ta ji ita ce mafi munin uwa a duniya. Wasu ma har sun wuce gona da iri suna cewa duk abin da yaro ya zama laifin iyaye ne, alhali duk wanda ya haifi biyu ya san kowa da halin da ya zo da shi, binciken tagwaye ma ya daɗe da nuna gado yana da kaso babba a hali, ga abokai ga makaranta ga zamani. Kana iya yin iya ƙoƙarinka yaro ya karkace, kana iya sakaci Allah ya shirya shi. Haka kuma ban yarda da masu mayar da yaro kamar wani malamin da aka aiko ya warkar musu da ciwon yarintarsu ba. Yaro yaro ne, in kana da tsohon ciwo ka nemi babba ɗan'uwanka ko likita ku yi magana.

Amma duk da haka ainihin abin ba ya cin ko sisi. Akwai hadisin da ya hana alƙali yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Iyaye kuwa kullum alƙalanci suke yi, su ne masu ƙara su ne masu hukunci su ne masu zartarwa, kuma galibi a tsakiyar fushin. Cewa "tashi ka ba ni wuri, za mu yi magana anjima" bai fi ƙarfin mai gajiya ba. Anjiman nan in ta zo, sau da yawa hukuncin ya ragu zuwa girman laifin. Ba kullum za a iya ba, wata rana za a fashe, sai a koma a gyara.

Abin da ba zan karɓa ba shi ne a jibge wa uwa aikin duka. A gidaje da yawa ita ce ke fama da yaran wuni guda, uba kuma an ajiye shi matsayin ɗan sanda, "bari babanku ya dawo". Ya dawo ya tarar da ƙara a bakin ƙofa, ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba, ya ɗauki wayarsa. Bai san sunan abokin ɗansa ba, bai san wane darasi ke ba 'yarsa wuya ba, amma in yaro ya lalace shi ne na farko da zai ce uwarsa ce ta ɓata shi. In uwar ce ke fashewa da ihu kullum, kafin a turo mata bidiyon yadda ake magana da yara a hankali, a fara tambaya yaushe rabon da wani ya karɓe ta ta yi barcin awa biyu da rana.